Kafin ka biya kuɗin babban mashin

Ƙannena masu tara kuɗin mashin, na san tambayar da kuke fara yi wa dillali: nawa yake gudu? Ni ma da ita na fara, kuma babu tambayar da ta ci min kuɗi kamarta. Ina magana ne a kan mashinan nan masu inji a buɗe, waɗanda ba a lulluɓe su da roba ba, mutum ya zauna a miƙe abinsa: tun daga Boxer da HLX da CG125 da Ace, zuwa Pulsar da Apache, har manya irin su MT-07 da SV650 da ake shigo da su na hannu. Zubinsu ɗaya ne, amma zama da su ba ɗaya ba ne.

A takarda lissafin ba wuya. Boxer BM150 ƙarfin doki 12 gare shi. Pulsar NS200 ya ninka shi, wajen 24, da giya shida da lagireto. Duke 390, wanda ake haɗawa a masana'antar Bajaj kusa da Pune a Indiya, ya haura 40. MT-07 na Yamaha, mai cc 689 (wato girman inji) da silinda biyu, ya wuce 70. Wanda ya jera waɗannan lambobi sai ya ɗauka tsani ne, kowa ya hau iya inda aljihunsa ya kai. Haka na ɗauka. Na sayar da ɗan mashin ɗina mai cc 125 da bai taɓa ba ni kunya ba, na ciwo bashi na cika, na sayi wani ɗan Japan na hannu, cc 600, silinda huɗu, kafireta huɗu. Ƙararsa ce ta saye ni. Dillali ya murɗa masa wuta a tsaye, samarin wurin suka waiwayo gaba ɗaya, ni kuwa na miƙa kuɗi ko zagaye ban yi da shi ba.

Abin da ba a gaya min ba shi ne, irin wannan injin ƙarfinsa a can sama yake, sai allurar da ke nuna juyin inji ta yi nisa yake farkawa. To ina za ka kai allura can tsakanin Kawo da Kasuwa a nan Kaduna? Ka biyo titin Ali Akilu da yamma, ka shiga Ahmadu Bello Way, kana giya ta biyu, hannunka na hagu a kan kuloci har ya ƙage, mai Boxer ya zo ya kutsa ta tsakanin Keke Napep biyu ya bar ka nan kana huci. A cikin gari abin da ke amfani shi ne jan da inji ke yi tun daga ƙasa, da zarar ka saki kuloci. Shi ya sa mai silinda ɗaya ko biyu ya fi mai huɗu daɗin sha'ani a Kaduna, ko da na huɗun ya fi shi doki a takarda.

A hanyar Zariya kam, kilomita 80 ɗin nan, babban mashin yana nuna kansa. Amma ka tuna babu gilashi a gabanka. Da ka wuce 110 iska za ta dinga dukan ƙirjinka tana fizgar hular kwano, kafin ka kai Jaji wuyanka ya fara ƙorafi. Gudun da ka biya kuɗinsa, jikinka ne zai fara hana ka yin sa.

Da na san abin da na sani yanzu, birki zan fara tambaya. In ka ninka gudu, tazarar tsayawa ba ninki biyu take yi ba, ninki huɗu take yi. Ni kuma na taso da ɗabi'ar ƙaramin mashin, ƙafa kawai nake takawa, ina tsoron birkin gaba wai yana kifar da mutum, alhali shi ne ke yin mafi yawan aikin tsayarwa. Ran da wata akuya ta faɗo min titi wajen Mando, bayan ruwan sama ya kwaso yashi ya shimfiɗa a kwalta, na take birkin baya da ƙarfi, tayar ta kulle, mashin ya juya gefe, na tafi da gwiwa da tafin hannu. Allah ya taƙaita. Daga baya mai faci ya nuna min lambobi huɗu a jikin tayar, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Zanenta na nan cif kamar sabuwa, amma robar ta tsufa ta bushe, ko farce ba ya shiga. In za ka sayi na hannu, duba waɗannan lambobi kafin ka duba fenti. In kuma kana da zaɓi tsakanin mai faifan birki a gaba da mai ganga, ɗauki mai faifai. Wanda ke da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, ya fi duka, musamman ga sabon hannu.

Maganar jin daɗin zama ba a gane ta a minti biyar. Tsayin sirdin SV650 milimita 785 ne, na MT-07 805, kuma wannan ɗan bambancin shi ne tsakanin mutum ya dire ƙafa sosai da ya tsaya a kan yatsu. Haɗa da nauyi: MT-07 ya haura kilo 180 da mai a ciki, SV650 na neman 200. Nawa mashin ɗin ma a nan nauyinsa yake. Kullum dare sai na tura shi ta ƙofar zaure, in haura dakali, in karya kai a soro mai ƙunci. Ranar da ya kwanta min a tsakar gida sai da na kira maƙwabci muka ɗaga. Ga zafi. A watan Maris da Afrilu, in cunkoso ya riƙe ka, fankar lagireto na tashi ta dinga hura maka wuta a ƙwauri. A damina kuma, in ka shiga lungunan Rigasa ko Tudun Wada, bututun salansa da ya bi ta ƙarƙashin inji shi ke fara gaisawa da kowane tudu.

Sai goyo, wanda ban yi tunaninsa ba sam. Mazaunin baya na manyan nan ɗan mitsitsi ne, a ɗage, ba wurin riƙewa na kirki. Uwargida ta hau sau ɗaya zuwa Unguwar Rimi, da muka dawo ta ce, "Malam, daga yau ka bar ni da Keke." Ba ta yi ƙarya ba. Dogon sirdin Boxer ko HLX shimfiɗaɗɗe ne, ya ɗauki mutum da buhun masara. Kuma ku kula da tufafinmu. Hijabi, gefen zani ko hannun babbar riga na iya shiga tayar baya ko sarƙa, abin ba ya zuwa da sauƙi. A Indiya doka ce a sa wa mashin ƙarfen kariya a gefen tayar baya saboda irin doguwar suturar matansu. In naka ya zo da shi kada ka cire don gayu, in babu ka sa mai walda ya yi maka.

Inda na fi jin jiki shi ne wurin gyara. Akwai wani dattijon bakanike da ke duba min 125 tun ina ɗalibi. Da na kai masa sabon, ya zagaye shi, ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin tanki, ya miƙe yana goge hannu da tsumma.

"Yaro, wa ya ba ka shawarar wannan?"

Na ce, "Baba, ai ɗan Japan ne, ba ya lalacewa."

Ya ce, "Ba abin da ba ya lalacewa. Ni dai ba zan buɗe abin da ba ni da kayan mayar da shi ba."

Na ji haushi a lokacin, ashe gata ya yi min. Wanda na koma wurinsa bai ce a'a ba. Kafireta huɗu sai an daidaita su da ma'auni su ja iska daidai wa daida. Shi da kunne ya yi, mashin ya dawo yana tari yana shan mai. Ni ma na ƙara nawa: na zuba masa baƙin man mota don ya fi araha, kuloci ya fara santsi, domin kulocin mashin a cikin man injin yake wanka, kuma wasu mayukan mota suna da sinadarin da ke sa shi zamewa. Nemi wanda aka rubuta JASO MA a jikin galan. Lagireto kuma na dinga cika shi da ruwan rijiya har ya yi tsatsa. A ƙarshen Satumban 2021, da aka dakatar da hawan mashin a jihar nan saboda matsalar tsaro, na jingine shi da fetur a ciki na manta. Man ya bushe ya zama danƙo a kafiretocin duka huɗu. Maƙwabcina mai Boxer, ran da aka sake hanya, kik kaɗan ya yi ya tafi.

A nan na gane hikimar CG125. Honda ta fito da shi a 1975, bayan injiniyoyinta sun zagaya ƙasashe masu tasowa sun ga yadda ake lodi da yadda ake barin baƙin mai har ya yi kauri ba a canza ba, sai suka yi inji mai sauƙin gini da zai jure wannan riƙon. Kamfanin na da masana'anta a Ota ta jihar Ogun tun 1979. Irin wannan mashin, da Boxer da HLX, ka shiga Panteka ka ce fulogi, ko ring, ko wayar kuloci, kafin ka rufe baki yaro ya kawo kala biyu, na asali da na kanti. Nawa kuwa, ɗan ƙaramin abu sai an aika Legas, wani lokacin sai an yi oda daga waje, mashin na jingine yana shan ƙura. Bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar naira, kowane abu da ake sayowa da dala ya yi tsalle, masu neman babban mashin suka ja baya. Boxer na hannu, ka kai shi da safe, kafin la'asar an yi ciniki. Nawa ya daɗe a hannun dillalai, a ƙarshe na sallama da asara.

In ka tambaye ni yau, wanda mashin ɗaya zai mallaka, da shi zai je aiki, ya kai yara makaranta, ya je cefane, ya tsaya a 125 zuwa 150. Wanda ke son ɗan armashi da tafiyar Zariya a ƙarshen mako, ajin 160 zuwa 200 na Indiya ya ishe shi. Apache RTR 200 ba shi da lagireton ruwa, da iska da mai yake hucewa, NS200 ya fi shi ƙarfi kaɗan amma ya ƙara maka abin kula. Babba kuwa ba haramun ba ne, daɗinsa gaskiya ne, amma ya zama na biyu a gida, mai silinda biyu da injekta a madadin kafireta, kuma ka nemo mai gyaransa ka ga aikinsa da idonka tun kafin ka nemo mashin ɗin.

Ranar saye ka je da sassafe da bakanikenka, ba na mai sayarwa ba. Taɓa injin ka tabbatar da sanyi yake, domin wanda aka ɗumama kafin ka iso yana ɓoye wahalar tashi da hayaƙi. Gwada lambar da ke jikin ƙarfen wuya da ta inji da abin da ke rubuce a takardun kwastan da rasit, harafi bayan harafi. Ka hau da goyo, ka bi hanya mai ramuka, ka juya shi a wuri mai ƙunci. Kuma ka cire kuɗin hular kwano biyu daga cikin kuɗin mashin tun kafin a fara ciniki, taka da ta wanda za ka goya.