Kuɗin makaranta da zancen cewa yaran yanzu ba su da kai

Ranar sunan ɗan ƙanena, bayan an shafa addu'a an raba goro, muka zauna a zaure tare da kawuna, wanda ya yi shekara da shekaru yana hedimasta kafin ya yi ritaya. Wani daga cikin baƙi ya kawo zancen jarrabawar JAMB, wadda a 2024 fiye da kashi 70 cikin 100 na waɗanda suka rubuta ta ba su kai maki 200 daga cikin 400 ba. Kawu ya girgiza kai, ya dube ni ya ce, "Ɗana, ko dukiyar Ƙaruna aka juye a makarantun nan ba abin da zai sauya, domin yaran yanzu ba su da kai. A zamaninmu ɗan aji bakwai shi ke rubuta wa hakimi wasiƙa da Turanci." Na ce, "Allah ya ƙara girma, Kawu," na yi shiru, domin ba a yi wa babba musu a gaban jama'a. Amma maganar ta tsaya mini a rai, saboda ni ma na yi shekara tara da alli a hannu a makarantar firamare, kuma abin da idona ya gani a aji bai yi daidai da hukuncin da ya yanke wa yaran ba.

Magana biyu ya haɗa a numfashi ɗaya, cewa kuɗi ba ya gyara karatu, da cewa basirar mutane tana raguwa. Ta farkon ta girme ni, kuma a Amurka aka fi tafka muhawara a kanta. A 1966 wani masanin zamantakewa, James Coleman, ya jagoranci binciken da gwamnatin ƙasar ta sa aka yi a kan ɗalibai fiye da 600,000, ya kuma fito da sakamakon da ya ba mutane mamaki: bambancin kayan aiki tsakanin makarantu bai bayyana bambancin ƙoƙarin yara sosai ba, gidan da yaro ya fito da irin abokan da yake zama da su a aji sun fi tasiri. Daga baya masanin tattalin arziki Eric Hanushek ya tattara nazarce-nazarce masu yawa a shekarun 1980, ya ce bai ga wata alaƙa tabbatacciya tsakanin yawan kuɗin da ake kashewa da sakamakon jarrabawa ba. Sai kuma abin da ya faru a birnin Kansas na jihar Missouri ya zo ya ƙara wa masu wannan ra'ayi ƙarfi. Daga 1985, bisa umarnin wani alƙalin kotun tarayya, aka kashe kusan dala biliyan 2 cikin shekaru kamar goma sha biyu a makarantun birnin, aka gina sababbin makarantu, har da katafaren wurin ninƙaya da ɗakin kallon taurari, amma makin yara bai taka kara ya karya ba, har a shekarar 2000 jihar ta janye amincewarta da ingancin makarantun.

Wanda ya tsaya a nan zai ce Kawu ya yi gaskiya. Sai dai akwai aibi a yawancin tsoffin nazarin, kuma aibi ne mai sauƙin ganewa. Gwamnatoci sukan ƙara kuɗi ne a makarantun da suka fi fama da matsala, inda 'ya'yan talakawa da yara masu buƙata ta musamman suka fi yawa. Idan mai bincike ya jera makarantu ya ga masu karɓar kuɗi da yawa su ne masu ƙarancin maki, ya ce kuɗi ba ya aiki, ya yi kama da wanda ya ƙirga gawarwaki a asibiti ya yanke hukuncin cewa magani ne ke kashe mutane. Saboda haka masu bincike na baya-bayan nan suka sauya hanya, suka nemi wuraren da kuɗi ya ƙaru ba don halin da yaran ke ciki ba, misali inda kotu ta tilasta wa jiha ta daidaita rabon kuɗi tsakanin gundumomin masu hali da na marasa hali. A 2016 Kirabo Jackson da Rucker Johnson da Claudia Persico suka wallafa binciken da ya bi rayuwar yaran da aka haifa tsakanin 1955 da 1985 har suka girma. Sun gano cewa ƙarin kashi 10 cikin 100 a kan abin da ake kashe wa kowane ɗalibi, idan ya ɗore tsawon shekara goma sha biyu na makaranta, yana ƙara wa yaro zurfin karatu, yana ƙara masa albashi da kusan kashi 7 cikin 100 idan ya girma, yana kuma rage yiwuwar ya faɗa cikin talauci, kuma amfanin ya fi bayyana a kan 'ya'yan talakawa nesa ba kusa ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne inda kuɗin ya tafi: an rage yawan yara a gaban kowane malami, an ƙara albashin malamai, an tsawaita kwanakin karatu a shekara.

Wannan ya sa na daina ɗaukar tambayar "shin kuɗi yana aiki" a matsayin tambaya mai amfani, domin amsarta tana rataye ne a kan abin da aka saya da kuɗin da kuma ko ya isa aji. Ƙasashe masu tasowa sun ba da misalai masu ɗaci. Indonesiya ta yi doka a 2005 da ta ninka albashin malaman da suka sami takardar shaidar ƙwarewa, kuma gwajin da aka yi a makarantu 360 ya nuna malaman sun sami kwanciyar hankali, da yawansu sun bar aikin gefe, amma bayan shekara biyu zuwa uku karatun yara yana nan inda yake, domin an ƙara kuɗin ne ba tare da an sauya komai a yadda ake koyarwa ba. A yammacin Kenya, a tsakiyar shekarun 1990, an raba littattafan karatu kyauta a wasu makarantun karkara, sai aka tarar yaran da dama can suke kan gaba su kaɗai suka amfana, saboda littattafan da Turanci aka rubuta su, harshen da ga yawancin yaran shi ne na uku, sauran kuwa ba sa iya karanta su. A Yuganda kuma, binciken da aka yi kan kuɗin tallafi da gwamnati ke aika wa makarantun firamare ya nuna cewa daga 1991 zuwa 1995 kashi 13 cikin 100 ne kawai ke isa makaranta, saura yana ɓacewa a hanya. Da gwamnati ta fara buga adadin abin da ta aika a jaridu, aka kuma umarci makarantu su liƙa shi inda iyaye za su gani, zuwa 2001 abin da ke isa ya kai wajen kashi 80.

Labarin Yuganda ya fi kowanne taɓa ni, domin na san irinsa da idona. A makarantar da na koyar, wata shekara aka zo aka gina mana sabon jerin azuzuwa, aka yi fenti, aka kafa allon kwangila a bakin hanya. A cikin ɗaya daga cikin azuzuwan nan masu sheƙi nake tsayawa gaban yara fiye da casa'in, rabinsu a ƙasa, littafin karatu ɗaya a hannuna, allin kuma da kuɗin aljihuna nake saye. A takarda an kashe wa makarantarmu miliyoyi a wannan shekara, kuma duk wanda ya gwada yaran a ƙarshenta zai rubuta cewa kuɗi bai yi aiki ba, alhali abin da zai sa yaro ya iya haɗa baƙi da wasali ba a kashe masa ko sisi ba. Gini yana da farin jini wurin masu mulki saboda ana ganinsa, ana yanka zare a buɗe shi, kuma akwai kwangila a cikinsa. Horar da malami da sa ido a kan ko yana shiga aji ba su da hoto. Shi ya sa a 2017, da gwamnatin jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun maki 75 cikin 100 da aka gindaya. Kuma tun da aka yi dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga UBEC, hukumar da ke kula da ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, shekara ba ta wucewa sai an ji biliyoyin naira na kwance ba a karɓa ba, saboda jihohi ba su kawo nasu kason ba.

Maganar Kawu ta biyu ita ce ta fi nauyi, domin idan da gaske ne kan yara ya toshe, to babu amfanin wani gyara. A mafi yawan ƙarni na 20 akasin haka aka gani. James Flynn, wanda ya koyar a jami'a a New Zealand, ya nuna cewa makin gwajin kaifin basira yana hawa da kusan maki 3 a kowace shekara goma a ƙasashe da yawa, kuma hawan ya yi saurin da ba za a ce gado ne ya kawo shi ba. Abinci mai gina jiki, raguwar cututtukan yara da yawaitar makaranta su ne ake dangantawa da shi. Gaskiya ne a wasu ƙasashen Turai hawan ya tsaya, har ya fara juyawa. A 2018 Bernt Bratsberg da Ole Rogeberg suka duba sakamakon gwajin da ake yi wa samarin Norway lokacin ɗaukar aikin soja, na waɗanda aka haifa daga 1962 zuwa 1991, suka ga maki ya yi ta hawa har zuwa waɗanda aka haifa a 1975, daga nan ya fara sauka. Amma sun ga saukar har a cikin gida ɗaya, tsakanin wa da ƙane 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ke nuna cewa yanayin da yaro ya tashi a ciki ne ya sauya, jininsa yana nan yadda yake. Haka kuma a jarrabawar PISA ta 2022, wadda ake yi wa 'yan shekara 15 a ƙasashe daban-daban na duniya, matsakaicin makin lissafi a ƙasashen ƙungiyar OECD, waɗanda yawancinsu masu arziki ne, ya faɗi da kusan maki 15 idan aka kwatanta da 2018, na karatu kuma da kusan 10, kuma a fannin karatu saukar ta fara tun kafin annobar korona ta rufe makarantu.

Ban raina wannan damuwa ba. Ina ganin yadda samari ke kasa zama da rubutu mai shafi biyar, da yadda jita-jita ke yawo a WhatsApp ba mai tambayar daga ina ta fito, kuma na yarda cewa wayar hannu ta ci lokacin da a da ake bai wa littafi. Amma abin da yanayi ya rage, yanayi yana iya dawo da shi, kuma makaranta tana cikin manyan abubuwan da ke gina basira. A Norway ɗin dai, lokacin da aka tsawaita karatun dole daga shekara bakwai zuwa tara a shekarun 1960, bincike ya nuna kowace shekarar da aka ƙara ta ɗaga makin gwajin basira da fiye da maki 3. A wajenmu kuwa akwai abubuwan da ke cin ƙwaƙwalwar yaro tun kafin ya ga ƙofar aji. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, kuma gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010 ta bar wasu dubbai da lahani. Yaron da ya zo aji da yunwa a cikinsa da zazzaɓin cizon sauro a jikinsa, a ce masa daƙiƙi, an zalunce shi sau biyu.

Akwai kuma abin da Kawu ya manta game da zamaninsa. Yaran da suka kai aji bakwai a lokacin 'yan kaɗan ne, an tace su an sake tacewa, kuma hukuma ta ɗauki nauyinsu ɗungurungum, daga littafi da tufafin makaranta har abinci a makarantun kwana, ga malamai da suka fito daga kwalejojin horon malamai suna da daraja a gari. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, yara suka cika makarantu fiye da yadda aka yi tanadi, aka ɗebi malamai cikin gaggawa, kuma abin da ake kashe wa kowane yaro bai sake komawa yadda yake ba. Kwatanta zaɓaɓɓun jiya da ɗaukacin yaran yau ba adalci ba ne, kuma Turancin da Kawu yake alfahari da shi kuɗin jama'a ne ya saya masa.

A shekarata ta ƙarshe a waccan makaranta na ware yara ashirin da biyu 'yan aji huɗu da ba sa iya karanta ko sunansu, na riƙa zama da su minti arba'in bayan an tashi, muna farawa daga baƙaƙe da wasula cikin Hausa, da katuttukan da na yanka daga kwalin sabulu. Cikinsu akwai wani yaro da kowa ya sallama, har mahaifinsa ya zo ya ce mini, "Malam, ka bar wahalar da kanka, wannan kasuwa zan kai shi." Na roƙe shi ya ba ni zango ɗaya. Kafin hutun ƙarshen zango yara goma sha bakwai daga cikinsu suna karanta gajeren labari da kansu, shi ma yana ciki, kuma shi ne ya karanta wa mahaifinsa takardar asibitin mahaifiyarsa. Da na bar makarantar ba a sami wanda zai ci gaba da darasin ba, domin babu wani kaso a kasafin kuɗi da zai biya malami ladan minti arba'in bayan an tashi. Na kai wa Kawu wannan labari mako guda bayan sunan, mu biyu kaɗai a ɗakinsa, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni ko katuttukan suna nan, domin yana da jikoki biyu a aji uku da yake so in gwada.