Tsohuwar da ba ta haifa ba, ta wa ce?

Duk sanda aka tada maganar gidan kula da tsofaffi a fadarmu ta shayi nan Tawa, sai wani ya ce wannan al'adar Turawa ce, mu ba mu yada iyayenmu. Ban musa ba. Mai ƴaƴa yana da madogara, ko da ƴaƴan suna Abijan ko Libiya wajen biɗa, kamar yadda samarin Adar suka saba. Za su aiko da jika goma, matar ɗa ta dama masa hura, in jiki ya ƙi a kai shi gidan likita. Ni maganata a kan wanda bai haifa ba ne, ko wanda ya haifa suka riga shi tafiya.

Akwai wata tsohuwa bayan gidanmu, duk unguwa Inna muke ce mata. Aure uku, Allah bai ba ta haihuwa ba. Da mijin ƙarshe ya rasu, tumunin gado suka raba da kishiyoyi biyu, ƴaƴan miji suka saida gidan, wani bawan Allah ya ara mata ɗakin da yake ajiye kara. Mai ɗakina ke aika mata tuwon dare, tela maƙwabcinmu ke biyan mai garuwa. Ran Juma'a ta dogara sanda zuwa ƙofar masallaci. Abin da ya fi ci mini rai, yara na gudunta, don wani mara tsoron Allah ya taɓa cewa mayya ce. Da tana da ɗa namiji a gida, wa zai iya furta wannan?

Ta wajen hukuma kuwa, fanshon CNSS da na CARENI, wato asusun fansho biyu na ƙasarmu Nijar, na wanda ya yi aikin albashi ne, manomi da mai saida ƙosai ba su ciki. Tun 2006, zamanin shugaba Tandja Mamadou, aka sa maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, amma tsoho mai hawan jini da aljihunsa zai sayi magani. Ranar 1 ga Oktoba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa tsofaffi tun 1990, jawabi ne kawai ke isowa unguwarmu, ta rediyo.

Ba babban gini mai katanga a bayan gari nake nufi ba. Na taɓa yi wa Inna maganar irinsa, ta ce: "Ɗana, in kun kai ni can, wa zai gaya mini an yi haihuwa ko rasuwa?" Ƙaramin gida nake so cikin unguwa, ɗaki huɗu ko biyar, wani alhaji ya ba da shi wakafi. Masallatai dai mun gina har wani na jin kiran sallar wani. Abinci ya fito daga zakkar hatsi bayan girbi, tunda fakirai da miskinai su ne farkon waɗanda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata. Liman da mai unguwa su riƙe lissafi.

Inda wuyar take shi ne jinya. Ba da tiyar hatsi abu ne mai sauƙi, amma wanke tsohuwar da ta kasa tashi, da sauya mata tabarma cikin dare, ba a barin sa ga sadakar maƙwabta. Sai an ɗauki mace guda a biya ta duk wata, kuma kuɗin nan ne har yanzu ba wanda ya ce zai ɗauka a fadarmu.