Hoto 360 kafin a samu rabin minti

Kusan duk wanda ya leƙo shagona sai ya tambaya ko tela ne ni, saboda buhun ƙyallaye da ke bakin ƙofa, wani kuma ya ɗauka wurin buga katin biki ne. Gaskiyar magana ni kaina na daɗe ban samu sunan da zan kira sana'ar nan da Hausa ba, daga baya dai na koma cewa hoton motsi na hannu nike yi. Ka yanka takarda ko ƙyalle ka shimfiɗa a tebur, ka ɗauki hoto, ka ɗan gusar da abin kamar faɗin ƙwayar gero, ka sake ɗauka, haka haka har sai an jera hotunan a waya sun gudu da sauri ido ya ga kamar abin da kanshi yake tafiya.

Shagon ɗan ƙarami ne a wani lungu wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, ni da yaro ɗaya. Kayan aikin ma ba wani abin a zo a gani ba ne, tebur, almakashi uku, reza, gam, matsefata ta ɗaukar ƙananan yanka, gilashin taga da nike danne takarda da shi, sai wani ƙarfe da mai walda ya lanƙwasa mani wanda ke riƙe waya tana kallon ƙasa. Manhajar Stop Motion Studio nike amfani da ita, abin da ya sa na riƙe ta shi ne tana nuna maka inuwar hoton baya a kan na yanzu, sai ka ga daidai inda ka tsaya. Kuma ba a taɓa wayar da hannu in an fara, da maɓallin ƙara sauti na iyafis nike ɗauka, don taɓawa ɗaya ta isa ta girgiza komai.

Lissafin ne mutane ba su yarda da shi sai sun gani. Fim na sinima hoto 24 ne a daƙiƙa guda, mu masu yi da hannu yawanci 12 muke yi, to tallar daƙiƙa 30 kenan hoto 360, kowane ɗaya sai an sa hannu an motsa wani abu. In abu uku ke motsi lokaci guda, misali kwalbar turare tana juyawa hayaƙi na tashi rubutu kuma yana shigowa, to sau uku za ka taɓa kafin ka ɗauki hoto ɗaya, kuma in ka manta da hayaƙin a hoto na 140 ba za ka gane ba sai ka kunna ka ga ya daskare.

Babban abokin gabata iska ce. Ba a kunna fanka, ko da a watan Afrilu ne da zafin Katsina ke dafa mutum, domin ɗan yankan takarda ko numfashi mai ƙarfi yana iya ɗauke shi. Na taɓa yin atishawa na rasa aikin awa biyu, wallahi ban ƙara komai ba. Da hunturu kuma takarda bushewa take tana nannaɗe baki, ƙura ta kwanta a gilashi, kana gogewa ka goce saiti. Hasken rana shi ma ba a yarda da shi, gajimare ɗaya ya gifta sai bidiyon ya riƙa ƙyaftawa, shi ya sa na toshe taga da tsohon bargo na koma fitila mai caji guda biyu, ko an ɗauke wuta ba ruwana. Mafi yawan aikin bayan isha'i nike yinshi.

Masu kawo mani aiki galibi mata ne masu sana'a a gida, turaren wuta, humra, cincin, yajin daddawa, sai masu son gayyatar biki da ba irin ta kowa ba, da wata Islamiyya da na yi wa haruffan Larabci suna haɗuwa suna zama kalma. Wasu tun farko suke ce mani kar a sa fuskar mutum, ni kuma ba malami ba ne ba na jan zancen, sai in yi da hannu kawai ko inuwa ko kayan su yi motsinsu, sau da yawa ma ya fi kyau haka.

Akwai aikin kilishi da ba zan manta ba. Mun shimfiɗa falle guda muna ta ɗauka har tsakar dare, washegari na kunna sai na ga kilishin yana ƙanƙancewa ta gefe ɗaya a hankali kamar gara na cinshi. Na kira yaron na ce kai zo ka gani. Ya yi shiru ya sunkuyar da kai, can ya ce "Maigida ɗan kaɗan-kaɗan ne fa, ban san zai fito ba." To ai komai fitowa yake, sana'ar kenan. Dariya ta hana ni faɗa, muka sayi wani muka sake daga farko.

Wanda ya ɓata mani rai shi ne wani Alhaji mai shago da na yi wa aikin kwana biyar, da na faɗi kuɗi ya ce "Haba malam, abin da waya ke yi da kanta?" Na ce Alhaji zo ka zauna ka motsa mani hoto ashirin kawai. Bai zo ba, ragowar kuɗin ma har yau. Tun daga nan sai an ba da rabi nike ɗaukar almakashi.

Da ni kaɗai ne da tuni na koma wani abin. Mu kamar shida ne da muka san juna ta Instagram, kowa da inda yake, muka buɗe ɗan guruf a WhatsApp. Akwai wata baiwar Allah a Zariya da ta karanta zane a jami'ar Ahmadu Bello, ita manne-manne take yi, ta yayyaga tsofaffin mujallu da kalanda da takardar siminti ta haɗa su su zama hoto guda, ita ta hana ni yanka komai da almakashi, ta ce in riƙa yagawa da hannu saboda farin bakin nan da yaga ke bari shi ke sa abu ya yi rai. Ita ce kuma ta fara ba ni labarin Lotte Reiniger, wata Bajamushiya da ta fitar da dogon fim a 1926 da baƙin kwali da almakashi, labarin ma daga Dare Dubu da Ɗaya ta ɗauko shi. Ranar na daɗe ina kallon teburina.

Akwai wani a Maraɗi da ke aiko mani da mujallun Faransanci masu takarda mai kauri, ni kuma in tara mashi guntayen shadda da atamfa daga telolin unguwarmu, a ba direba a tasha a kira a ce kaya sun taso. Ba mu taɓa lissafin wa ya fi ba wani ba. In ka tura aiki a guruf kuwa ba a yi maka kara, za a ce maka tafiyar rakumin nan kamar akuya ce, ka ji haushi na minti goma sannan ka je ka duba ka ga gaskiya ne. Akan samu saɓani ma, an taɓa yin wata biyu wasu biyu ba su magana saboda ɗaya ya ga kamar an ɗauki salonshi ba a ambace shi ba, sai da aka sa baki.

Yanzu abin da ke gabanmu ni da abokina na Daura, wanda baduku ne, shi ne labarin rijiyar Kusugu, ba don wani ya ba mu kwangila ba. Shi ya yi gugan da ainihin fata, ɗan mitsitsi kamar kan babban yatsa, ni kuma macijin nan Sarki da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a nike fama da shi. Na yi shi gaɓa-gaɓa har 17 da koren ƙyalle, na ɗinke da zare ta baya don ya riƙa lanƙwasa, amma duk lokacin da ya ɗago kai daga rijiyar sai wutsiyar ta ja baya ta ɓata saitin. 'Yar Zariya ta ce in danne gaɓoɓin ƙarshe da fil, na Maraɗi ya ce in raba shi biyu tunda rabi ai a cikin rijiya yake ba mai gani. Daren jiya na gwada na biyun, na samu daƙiƙa huɗu masu kyau kafin fitila ɗaya ta mutu.