Wuni Uku, Kwana Biyu a Mashigin Tekun Ha Long

Da misalin ƙarfe takwas da rabi na safe motar kamfanin jirgin ruwan ta ɗauke mu daga tsohuwar unguwar Hanoi, babban birnin Biyetnam, a tsakiyar watan Nuwamba. Awa biyu da rabi muka yi a hanya har da tsayawar shan shayi. A da tafiyar takan ci awa huɗu, sai da aka buɗe gadar Bach Dang da babban titin da ya haɗa Hai Phong da Ha Long a 2018 sannan ta ragu. Tashar jiragen tana tsibirin Tuan Chau, kuma abu na farko da aka tambaye mu shi ne fasfo, domin duk mai kwana a kan ruwa sai an miƙa sunansa ga hukumar tasha. Wanda ya bar fasfonsa a otal ɗin Hanoi ya jawo wa kansa jinkiri.

Ha Long yana arewa maso gabashin Biyetnam, cikin lardin Quang Ninh. Faɗinsa murabba'in kilomita 1,553 ne, tsibiransa kuma 1,969, yawancinsu duwatsun farar ƙasa ne da suka miƙe tsaye daga cikin ruwa, bishiyoyi sun lulluɓe kawunansu. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1994, a 2023 kuma aka faɗaɗa rajistar ta haɗa da tsibiran Cat Ba. Amma mai sayen tikiti ya san cewa wurin kashi uku ne: Ha Long na tsakiya, Bai Tu Long ta gabas, da Lan Ha ta kudu wadda ke ƙarƙashin birnin Hai Phong. Kowane jirgi da hanyar da aka ba shi izini, kuma kyaftin ba ya sauya ta don baƙo ya roƙa. Tallace-tallace duk "Ha Long" suke rubutawa. Tambayar da ta fi kowace amfani kafin a biya kuɗi ita ce, wace hanya jirgin nan yake bi, kuma ina yake kwana? Namu na tsakiya ne, inda shahararrun koguna suke, inda kuma jirage suka fi cunkushewa.

Ƙarfe goma sha biyu ƙaramin jirgin jigila ya kai mu wurin babban. Fari ne fat kamar sauran, domin tun 2012 hukumomin lardin suka ce a shafa wa jiragen yawon buɗe ido farin fenti. Jikinsa ƙarfe ne, hawa huɗu, ɗakuna ashirin da ɗoriya, kowanne da baranda, na'urar sanyaya ɗaki da bahon wanka a jikin taga. Kafin abinci aka tara mu aka nuna inda rigunan kariya suke, da ƙaramar gudumar fasa gilashi da ke maƙale kusa da taga. Na ga wasu suna danna waya a lokacin, abin kuwa bai yi mini daɗi ba. A watan Yulin 2025 iska mai ƙarfi ta kifar da wani jirgin yawon wuni ɗaya a wannan ruwan, mutane fiye da talatin suka rasu. Minti biyar ɗin nan a saurare su da kyau.

Zancen ɗaki yana da muhimmanci fiye da yadda hotuna ke nunawa. Injin da janareta suna baya ne a ƙasa, janareta kuma ba ya mutuwa duk dare saboda na'urorin sanyi, don haka ɗakunan hawa na farko ta baya suna da gurnani da ɗan warin man dizil. Na can gaba kuma sarƙar anga ce ke tashin mai barci da asuba idan an fara janye ta. Ɗakin tsakiya a hawa na biyu ko na uku shi ne zaɓi. Zancen amai da jiri kuwa, da wuya ya taso: tsibiran sun tare igiyar ruwa, zurfin ma bai wuce mita goma ba a yawancin wurare, jirgin yana tafiya ne kamar ana jan tabarma.

Ana cin abincin rana jirgin na kutsawa tsakanin duwatsu. Jatan lande, kaguwa, kifi da aka turara da citta, shinkafa. Wanda ba ya cin naman alade ya faɗa tun lokacin da yake biyan kuɗi, a rubuce, sannan ya sake faɗa wa manajan jirgin da bakinsa. Dalili shi ne ana sayo kayan girki tun kafin a bar tasha, kuma naman yana shiga inda ba a zato: cikin naɗin nan da suke kira nem, cikin romon miya, har cikin soyayyiyar shinkafa. Abin sha ba ya cikin kuɗin tikiti, ana rubutawa ne a biya ranar sauka. Tun watan Satumbar 2019 aka hana robobin da ake amfani da su sau ɗaya a mashigin, shi ya sa ruwan ɗaki a kwalbar gilashi yake zuwa.

Da la'asar muka shiga kogon Luon, kuma a nan ne na fi so mai karatu ya tsaya. Rami ne da ruwa ya huda ta ƙarƙashin dutse, tsawonsa kamar mita 60, yana fitar da mutum cikin wani tafki da duwatsu suka kewaye ta ko'ina. Ana shiga da ƙaramin kwalekwalen roba mai cin mutum biyu da ake kira kayak, ko da jirgin gora da wata mata ke tuƙawa. Tekun wannan yanki sau ɗaya yake cikowa sau ɗaya yake janyewa a wuni, bambancin kuma yakan kai mita uku zuwa huɗu a manyan ranaku. Idan ya ciko sosai rufin kogon yana sauka har sai an sunkuya, idan ya janye kuma ana ganin aikin da ya yi shekaru aru-aru yana yi: gindin kowane dutse ya zaizaye ya shige ciki kamar an yi masa ɗamara, baƙi ƙirin, kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo biyu, ta manne masa jere-jere. Na matsa har filafilina ya taɓa. Bakin ɓawon kawar nan kaifi ne da shi kamar reza, kuma yawancin raunin da ake samu a nan daga masu sa hannu su ture dutse ne. Da filafili ake turewa. Mai nauyi ya zauna a baya domin shi ke juya kwalekwalen, su biyun su riƙa tsoma filafili gefe ɗaya a lokaci ɗaya, in ba haka ba za su yi ta zagaye a wuri guda. Waya a saka ta cikin jakar da ruwa ba ya shiga, a rataya a wuya. A cikin tafkin akwai birai a kan duwatsu, kuma duk ledar da suka ji tana ƙara sun san abinci ne, sai a ɓoye ta.

Daga nan sai tsibirin Ti Top, wanda aka sa wa sunan ɗan sama jannatin Tarayyar Sobiyet Gherman Titov bayan ziyarar da ya kai tare da Ho Chi Minh, shugaban Biyetnam ta Arewa na lokacin, a 1962. Matakala wajen 400 ce zuwa ƙololuwa, ƙunƙuntacciya, masu hawa da masu sauka suna gogar kafaɗa. Daga sama ake ɗaukar hoton da kowa ya sani. A Nuwamba rana tana faɗuwa tun biyar da 'yan mintuna, don haka wanda ya tsaya iyo tukuna zai hau a cikin duhu. A wannan ɓangare ba a yarda a yi tsalle daga jirgi a faɗa ruwa ba, sai a bakin yashin da aka ware.

Jirage ba sa kwana inda suka ga dama. Akwai wuraren da hukuma ta keɓe, kuma a namu na ƙirga fitilun jirage sama da ashirin a kewaye. Bayan abincin dare ma'aikata suka kunna fitila mai haske a bayan jirgi don kamun wata halittar ruwa mai hannuwa goma da haske ke jawowa. Sandar gora ce da zare da ƙugiya mai baki da yawa, babu koto, ana ɗagawa ana saki a hankali. Guda biyu kawai aka kama.

Wuni na biyu shi ne dalilin da ya sa nake cewa a ɗauki kwana biyu. Tafiyar da ake tallatawa da "wuni biyu, kwana ɗaya" ba ta cika awa 24 ba: a hau da tsakar rana, a sauka kafin sha ɗaya na safe. Kuma akwai abin da ba a cika bayyanawa ba. Babban jirgin yana komawa tasha kowace safiya ya sauke baƙi ya ɗauko wasu, saboda haka masu kwana biyu ana sauya musu ƙaramin jirgin wuni tun bayan karin kumallo, ba za su ga ɗakinsu ba sai wajen ƙarfe huɗu. Duk abin da ake buƙata, magani, hula, tufafin canji, cajar waya, a fito da shi tun safe. Mu goma sha ɗaya ne a jirgin wunin, ya nausa da mu kudu inda jiragen wuni ɗaya ba sa kaiwa. Can ne aka kashe inji na ji shirun wurin, sai kukan shaho da ɗigar ruwa daga filafili.

Mun tsaya a Cua Van, ƙauyen masunta da ke kan ruwa. A 2014 gwamnati ta kwashe yawancin mazauna irin waɗannan ƙauyuka ta mai da su gidaje a tudu, abin da ya rage 'yan gidaje ne a kan ganguna, da kejin kiwon kifi, da karnuka masu gadi. Wasu daga cikin matan da ke tuƙa baƙi a jirgin gora a nan aka haife su. A ba su ihsani hannu da hannu, kuma a lura da takardun dong, kuɗin ƙasar: ta 20,000 da ta 500,000 duk shuɗaye ne, cikin gaggawa ana rikita su. A bayan ta 200,000 kuwa hoton wani dutse ne na wannan mashigi, Dinh Huong. Sai gonar lu'ulu'u ta Tung Sau, inda na tsaya a kan wata ma'aikaciya tana buɗe bakin kawa da ɗan ƙarfe, ta tura ƙwayar ɓawo zagayayya tare da ɗan yankin tsokar wata kawar, ta rufe, duk cikin ƙasa da minti ɗaya. Daga nan a mai da ita ruwa ta yi shekara da shekaru tana lulluɓe ƙwayar, kuma da yawa ba sa bayar da komai.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne shara. Inda igiyar ruwa ke haɗuwa a bayan duwatsu akwai tarin farin soso na kejin kifi da kwalaben roba suna yawo. Ana ganin ma'aikata a kwalekwale suna tsamewa da raga, amma ba su gama ba wani ya iso.

Safiya ta uku tun bakwai da rabi aka kai mu kogon Sung Sot a tsibirin Bo Hon. Ana hawa matakala, a shiga ta ƙaramin zaure, sai a ɓulla cikin wani fili mai kusan murabba'in mita 10,000, rufinsa da lotsa-lotsa kamar an danna yatsu a cikin kwaɓaɓɓen gari. Hanyar a gaba kawai take tafiya, ba a komowa, kuma ƙasan da santsi saboda ɗigar ruwa, takalmi mai kama ƙasa ake so. Mai ciwon gwiwa gara ya zauna a jirgi.

Lokacin zuwa ya fi tsadar jirgi tasiri. Oktoba zuwa farkon Disamba sama tana buɗe, zafi da sauƙi. Fabrairu da Maris hazo ne da yayyafi, duwatsun sukan ɓace. Yuni zuwa Satumba zafi da guguwa, irin Yagi da ta yi ɓarna a yankin a Satumbar 2024. Idan hukumar tasha ta ce ba fita, babu jirgin da ke fita komai darajarsa, wani lokaci sai da safen ranar ake sanarwa, kuma takan kira waɗanda ke kan ruwa su dawo. Don haka a karanta sharaɗin mayar da kuɗi kafin a biya, a kuma bar wuni ɗaya a ajiye a Hanoi.

Ƙarfe tara da rabi muka fitar da jakunkuna ƙofar ɗaki, aka biya kuɗin abin sha, aka ci abinci na ƙarshe jirgin na komawa. Goma da rabi muna Tuan Chau, wajen ƙarfe uku muna Hanoi. Daga tsakiyar birnin zuwa filin jirgin sama na Noi Bai akwai kusan awa guda kuma, saboda haka tikitin jirgin da zai tashi kafin bakwai na yamma a wannan rana ba abin saye ba ne.