Yadda muke fitar da yarjejeniyar haya daga Excel

Ofishinmu na kula da hayar shaguna da gidaje a Kano, kuma ba abin da ke cin lokaci kamar rubuta yarjejeniya. Sharuɗɗan dai kusan iri ɗaya ne: gyaran rufi na mai gida, kuɗin wuta na ɗan haya, ba a sa wani a shago sai da izini. Abin da ke sauyawa shi ne suna, lambar shago, kuɗi, da ranar cikar wa'adi.

Su muka zuba a Excel, kowane ɗan haya da layinsa. Takardar kuwa guda ɗaya ce a Word, an bar gurabe. Da Mail Merge ake haɗa su, Word ya ɗauko layi bayan layi yana cike guraben. Idan mai gida ya ƙara kuɗi, wuri ɗaya za a gyara.

Sai dai Word ba ya ɗauko adon da aka yi wa lambobi. Ka rubuta ₦1,200,000, ya fito maka 1200000 tsirara, kuma a takardar kuɗi sifiri ɗaya ya isa ya haɗa rigima. Kwanan wata ya fi haɗari, don yakan juye zuwa tsarin Amurka, wata kafin rana, 3 ga Afrilu ta koma 4 ga Maris. Mu dai mun ƙara ginshiƙai a gefe, muna mayar da kuɗi da kwanan wata rubutu da umarnin TEXT na Excel, daga nan Word ke ɗauka. Lambar waya ma sai a matsayin rubutu, in ba haka ba Excel ya haɗiye sifirin farko.

Kuɗi a kalmomi da hannu muke bugawa. Word na da CardText, umarnin da ke mayar da lamba kalmomi, amma iyakarsa 999,999, kuma hayar shago a bakin titi ta daɗe da wuce nan.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tura wa ɗan haya takardar Word da ke ɗaure da teburin Excel. Ko mahaɗin ya tsinke a wayarsa, ko a gyara kuɗin baɗi a ofis, takardar bana ta bi sahu. Da zarar an duba, sai mu mayar da ita PDF mu tura ta WhatsApp ya karanta. Ranar sa hannu a buga kwafi biyu, shaidu su zo.