Abin da Yaya ta faɗa a kan Irina Tsilik

Tun bayan la'asar maganar Yaya take ci mini tuwo a ƙwarya. Ta same ni ina sake kallon fim ɗin Irina Tsilik, marubuciyar waƙoƙi da labaran fim 'yar Yukiren, a kan wani iyali da ke zaune a yankin yaƙi, wanda ya ci kyautar ba da umarni a bikin fina-finai na Sundance na 2020. Ta ɗan tsaya a kaina, mayafinta a hannu, sannan ta ce, “Ke dai kin cika son wahala. Mace ta baro Kiyef ta je ta ɗora kyamara a kan waɗanda ake yi wa ruwan bama-bamai, ba cinikin hawayen mutane ba ne wannan?”

Na ce, “Yaya, ba haka ba ne,” amma bakina ya yi nauyi, har ta fita ban ƙara komai ba.

Abin da ya kamata in gaya mata shi ne, iyalin nan na garin Krasnohorifka da ke yankin Donbas a gabashin Yukiren, uwa da 'ya'yanta huɗu, su ma fim suke shiryawa a kan rayuwarsu, Tsilik kuwa ta bi su ne suna wannan aiki. Su ke tsara labarin, su ke gardama a kan inda za a ajiye kyamara, su ke sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa su maimaita yadda suke ɓuya idan an fara harbi. Ko sunan fim ɗin daga baitin mawaƙin Faransa Paul Eluard ta ɗauko shi, inda ya ce duniya shuɗiya ce kamar lemo, kuma a ganina idon mai waƙa ne ya hana ta mayar da su abin tausayi kawai.

Ita ma Tsilik yaƙin bai bar gidanta ba. Mijinta, marubuci Artem Chek, ya yi aikin soja a Donbas daga 2015 zuwa 2016, ya sake komawa a 2022, shekarar da ta fitar da wani fim da ta gina a kan littafinsa.

Duk da haka tambayar Yaya ba ta sake ni ba, domin da dare na tuna cewa sojojin Rasha sun kama Krasnohorifka a 2024, bayan an ragargaza garin. Ita kyautar tana nan, amma titunan da yaran suka ɗauki fim ɗinsu fa? Na daɗe zaune, shayina ya huce a gabana. Gobe in Allah ya kai mu zan roƙi Yaya ta zauna mu kalla tare daga farko.