Ƙannena masu harkar sulhu, ku rage gaggawa

Bayan wani rikici a garinmu ni na fi kowa zaƙewa, muka yi karo-karo muka kama hol, aka buga bana, aka gayyato liman da fasto, aka sha lemo aka yi musabaha aka ɗau hoto muka watsa a Facebook, ni a ganina shikenan an gama. Wallahi ko lambar faston ban karɓa ba. Da abu ya sake tashi na rasa wanda zan kira a can ɓangaren, mutumin da kuka haɗu sau ɗaya a babban teburi ai ba zai ɗau wayarka da tsakar dare ba.

Sai daga baya na san labarin Rabaran Ken Newell, tsohon faston cocin Fitzroy na ɗarikar Presbyterian ta Furotesta a Belfast, Ireland ta Arewa. Can tsakanin Katolika da Furotesta aka yi ta rikici, an rasa rai sama da 3,500 kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998. Shi kansa ɗan ƙungiyar Orange ne da farko, masu tsananin ra'ayin Furotesta, sai da ya je aiki Indonesiya ya dawo tukuna ya fara saukowa. A 1981 cocinsa ya ƙulla zumunci da gidan ibadar Katolika na Clonard, ba wani gagarumin biki fa, haɗuwa kawai suke su yi karatu su yi addu'a, yau da gobe har shi da Fada Gerry Reynolds na Clonard suka zama aminai. Wannan yardar ce ta kai shi zama a asirce da shugabannin Sinn Féin, jam'iyyar ɓangaren Katolika mai alaƙa da 'yan bindigar IRA, a farkon shekarun 1990 lokacin ana kan zubar da jini. Ku lissafa, daga 1981 zuwa 1998 shekara 17 kenan, ni kuwa da yini ɗaya na so in gama.

Don haka ku fara da mutum ɗaya. Ka san gidansa, in an yi masa rasuwa ka je ta'aziyya, in an yi haihuwa ka je barka, kuma don Allah bar wayarka a aljihu, ba komai ake ɗauka hoto ba.

Sannan ku shirya jin baƙar magana daga naku, za a ce kun ci kuɗi ko kun zama munafukai. Rabaran David Armstrong, shi ma faston Presbyterian a lokacin a garin Limavady na Ireland ta Arewa, gaisuwar Kirsimeti ya tsallaka titi ya kai cocin Katolika, nasa suka taso shi a gaba har da barazanar kisa, a 1985 dole ya tattara iyalinsa ya koma Ingila.